Bulon ɗin da ya cije a injin Corolla

Asabar, 4 ga Janairu, 2025

Motar tsohuwar Corolla ce, ƙirar ƙarshen shekarun 1990, mai injin 4A-FE, cikin waɗanda suka shigo mana ta Kwatano bayan sun gama aikinsu a Turai. Tun da damina ta ɗauke take shan ruwa. Ba ta zubarwa a ƙasa yadda ido zai gani, amma duk ƙarshen mako sai na ƙara wa lagireto. Yau na wanke injin, na tashe ta, na tsaya da tocila har na kama wurin. Bakin da ruwa ke bi ya fita daga kan inji zuwa tiyon sama ne. Gaskit ɗinsa ya mutu, ruwa na tsattsafowa ta gefe, yana bin jikin bulon, wato kusoshi masu haƙora da ke ɗaure bakin, yana bushewa.

A ƙa'ida aikin bai kai na awa guda ba. Bulon biyu ne, a kwance su, a kankare tsohon gaskit, a sa sabo, a ɗaure. Yanzu ne kuma lokacinsa, tun da sauran sanyi. Duk wanda ya san Maradi a watan Afrilu, sa'ad da zafi ke haura digiri 40, ba zai yarda ya shiga bazara da mota mai shan ruwa ba.

Da na ɗora kile, wato sifana, sai na tarar zancen ba haka yake ba. Bulon na sama kansa lafiya lau, amma ko gezau. Na ƙasa kuwa an riga an cinye masa kusurwoyi. Na san yadda aka yi. Bulon mai kaurin milimita 8 a motar Japan kansa lamba 12 ne, a motar Turai kuma 13. Garejojinmu da Peugeot suka tashi, su 404 da 504, shi ya sa kile 13 ya fi yawa a hannun yaran gareji. Yaro ya ɗora 13 a kan 12, ya ji kamar ya zauna, ya ja, ya zame, ya sake ja. Kafin ya ankara kai ya mulmule. Wani ya taɓa gwada wannan bulon ɗin a baya, ya kasa, ya shafe bakin da gam ya rufe. Ga jan gam ɗin nan ya bushe a gefe.

Ban matsa ba. Na goge kawunan da buroshin waya, na fesa musu man kwance tsatsa, na rufe mota.

Lahadi, 5 ga Janairu

Maƙwabta sun leƙo, kowa da maganinsa. Wani ya ce in zuba Coca-Cola, wani man birki, wani kananzir. Ɗaya kuma ya ce gishirin Turai ne, tunda can suna watsa gishiri a titi da hunturu don ƙanƙara ta narke.

Gishirin Turai gaskiya ne, shi ke cin ƙarƙashin motocin da ake kawo mana. Amma wannan bulon ɗin yana sama, nesa da titi, kuma abin da ya ci shi namu ne na gida: ruwan famfo da na rijiya da muke ɗura wa lagireto zalla. Kan injin nan na alminiyam ne, bakin ruwan ma haka, bulon kuwa ƙarfe ne da aka shafa wa tutiya. In ƙarafa iri biyu suka haɗu, ruwa mai ɗan gishiri-gishiri ya shiga tsakaninsu, sai wuta ƴar kaɗan ta riƙa gudana daga ɗaya zuwa ɗaya, yadda take yi a cikin batir. Tutiya ce ke fara tafiya, sannan alminiyam ya shiga lalacewa. Abin da yake komawa wani farin gari ne mai tauri, kamar kanwa, kuma ya fi ainihin ƙarfen da ya fito daga ciki cin wuri. Shi ke cike ɗan sararin da ke tsakanin bulon da raminsa, ya matse shi ta ko'ina. Zafin inji kullum yana ƙara gasa shi.

Wannan ne ya sa ban ɗora rai a kan mai kaɗai ba. Man fesawa ba ya narkar da farin garin nan. Iyakarsa ya bi tsaga in akwai, ya sa santsi. Aikin mutum shi ne ya samar masa tsagar. Don haka safe da yamma nake ɗora guntun ƙarfe a tsakiyar kan bulon, in bubbuga da ƙaramar guduma, bugu gajere mai kaifi, sannan in fesa. Ba bugun fasa dutse ba, don abin da ke bayansa alminiyam ne.

Lemon kwalba yana da ɗan asid da ke taɓa jar tsatsa, amma ba shi da ƙarfi, sukarinsa kuma danƙo yake bari. Man birki yana ratsawa, sai dai yana ɓare fenti, yana kuma jan ruwa. Cikin shawarwarin nan kananzir na fi yarda da shi, musamman in an gauraya da ɗan man giya ja.

Litinin, 6 ga Janairu

Ranar kasuwa. Na samo soket lamba 12 mai kusurwa 6 a wurin masu kayan aiki na gwanjo. Wanda nake da shi mai kusurwa 12 ne, wanda tsinin kan bulon kawai yake kamawa, kuma shi ke ƙarasa kan da ya fara cinyewa. Mai kusurwa 6 gefen yake runguma gaba ɗaya. Na haɗa da lamba 11, saboda na ƙasa. Ana ci gaba da bugu da fesawa.

Laraba, 8 ga Janairu

Na sama ya fita, alhamdu lillahi.

Dabarar zafi ce. Alminiyam yana buɗewa da zafi kusan ninki biyu na yadda ƙarfe ke yi, saboda haka in wurin ya ɗumama rami ya fi bulon faɗaɗa. Na tashi injin ya yi zafinsa na aiki, na kashe, na jira har tiyon sama ya saki ya daina tauri a hannu, sannan na buɗe murfin lagireto da tsumma, na zubar da ruwa ya sauka ƙasa da bakin. Wannan jiran ba abin wasa ba ne. Murfin yana riƙe ruwa a matse, ya wuce digiri 100 bai tafasa ba, kuma da an buɗe shi da zafinsa zai yi tsiri ya wanke wa mutum fuska.

Na ɗora soket, na danna da tafin hannun hagu don kada ya ɗaga, na fara ja wajen ɗaurewa tukuna, kaɗan. Mutane na mamakin wannan, amma sau da yawa ta nan ne garin ke fara tsagewa. Sannan na juyo wajen kwancewa da ja a tsanake, ba fizga. Sai na ji ƙas. Na tsaya cak, don ƙarar nan iri biyu ce, ko ya saki ko ya karye. Na duba, na ga kan ya juya tare da jikinsa. Daga nan sai gaba kaɗan, baya kaɗan, fesa, gaba, baya. Duk juyi yana kuka, farin gari na zubowa daga ƙarƙashin kansa. In na ji ya yi tauri sai in koma baya in bar shi ya huta, don haƙoran alminiyam in suka yi zafi da guga narkewa suke su manne.

Da ya fito na kai shi rana na dube shi da kyau. Haƙoransa na can ƙarshe kusan lafiya suke, baƙi ne kawai. Wuyansa, wato sulɓin da ke ratsa bakin ruwan kafin ya kai kan inji, shi ne ya yi kumburi da farin gari har ya fi raminsa kauri, kuma a ƙarƙashin garin ƙarfen ya yi ramuka-ramuka. Ashe yawancin cizon a wuya yake. Ɗan yayata da ke riƙe mini tocila ya ce, "Kawu, in na sama haka yake, na ƙasa fa, da ruwa ke kwanciya a kansa?" Abin da ke raina ke nan.

Juma'a, 10 ga Janairu

Bayan an sauko daga masallaci na koma kan na ƙasa. Lamba 12 ba ta kama komai. Na ɗora lamba 11 na buga ta da guduma har ta shige, ta yanka wa kanta sababbin kusurwoyi. Na bi duk matakan shekaranjiya, zafi, bugu, ɗaurewa kaɗan, kwancewa a hankali. Ya fara juyawa da wani laushi marar ƙara, irin wanda hannu ke ganewa tun kafin ido ya gani. Kan ya fito cikin soket, jikin ya zauna.

Na duba karayar. Fiye da rabin kaurinsa baƙi ne, tsohuwar tsatsa, sai ɗan farin ƙarfe a tsakiya wanda shi kaɗai ya rage yana riƙe. Da wannan ɗan abin motar ke yawo. Ko wane ne ya ɗora masa kile, a nan zai rabu.

Bakin ruwan kuma bai fita ba, yana nan manne da guntun.

Asabar, 11 ga Janairu

Na yini lallaɓar bakin ruwan. Tunda ba kai, mai yana samun hanyar shiga kai tsaye. Na riƙa juya shi hagu da dama a kan guntun, ina bugun gefensa da katako. Ban cusa sukundireba tsakaninsa da kan inji ba, don duk rauni a fuskar nan yoyo ne na har abada. Wajen la'asar ya zame ya fito. Guntun bulon ya rage a tsaye, tsawonsa a waje kusan santimita ɗaya da rabi. Wannan sa'a ce babba. Da daidai fuska ya karye, da labarin ya canza.

Da yamma na ɗauki kan da ya karye da hoton wurin na tafi Sabon Gari, wajen wani dattijon bakanike da ya yi wa mahaifinmu gyaran mota shekara da shekaru. Yanzu ba ya shiga ƙarƙashin mota, yana zaune a benci ne yara na kawo masa abu yana dubawa. Bayan gaisuwa na miƙa masa.

Na ce, "Baba, in yanke shi in huda ne?"

Ya jujjuya kan a hannunsa, ya ce, "Da me za ka huda, ɗana? Da injin hannu, kana sunkuye, a wurin da kanka ma ba ya shiga? Ƙarfe a tsakiya, sanholo a gefe. Bakin huda wuri mai taushi zai bi. Kana da abin kamawa a waje, kada ka kuskura ka yanke shi."

Gaskiyarsa. Kafin a huda bulon mai milimita 8 a bar haƙoran rami lafiya, sai an bi tsakiyarsa daidai da bakin huda mai milimita 6.8, a miƙe sak. Kuskuren rabin milimita ya isa ya cinye gefe guda, kuma a bayan bangon nan hanyar ruwa ce. Na tambaye shi batun ƙarfen nan mai murɗin hagu da ake cusawa cikin huji a juyo guntu. Ya girgiza kai. Ƙarfen yana da tauri ƙwarai, amma ba ya lanƙwasa, karyewa yake. Yana kuma buɗa guntun daga ciki ya ƙara matse shi. In ya karye a ciki, ba bakin hudar da ke kasuwa da zai ci shi, sai a sauke kan inji ɗungurungum a kai wa masu injin sassaƙar ƙarfe. An yi shi ne don bulon da ya karye saboda ɗauri, wanda haƙoransa ke sake. Wanda tsatsa ta riƙe ya fi ƙarfinsa.

Shawararsa ita ce in gwada filaya mai kulle, in bai yi ba a yi masa walda.

Litinin, 13 ga Janairu

Na goge gefe biyu na guntun da magagari suka yi faɗi, na kulle filaya a kai iya ƙarfina. Tana kamawa, amma ƙarfen ne ke murɗewa a sama, gindin bai motsa ba. Na bari tun bai ƙara sirancewa ba.

Wani ya ba ni aron wutar gas. Na mayar masa ban kunna ba. Ƙarfe yana yin ja ya gargaɗe ka. Alminiyam ba ya canza kala, yana nan fari har ya kai digiri 660 ya zube. Ga wayoyi, ga tiyon mai a kusa. Mai walda ya ce zai zo, amma babu kuran, wato wutar lantarki, a unguwarsu yau, janaretonsa kuma yana wurin wani aiki.

Laraba, 15 ga Janairu

Ya iso da hantsi, injin walda da janareto a cikin kura, yaronsa na turawa. Saurayi ne, amma tun daga tambayarsa ta farko na natsu: "Malam, an cire batir?"

Mun cire kawunan batir duka biyun, mun fitar da shi daga motar gaba ɗaya, wanda ya ƙara mana wuri. Mun cire akwatin iska. Ramin ruwa mun toshe shi da jiƙaƙƙen tsumma don kada tartsatsi ya faɗa ciki. Wayoyi da tiyo mun lulluɓe su da jiƙaƙƙen buhu, muka kare da guntun kwano. Bokitin yashi a gefe. Wayar ƙasa ta injin walda ya maƙala ta a jikin kan inji, dab da wurin aiki. Wannan yana da muhimmanci. In aka maƙala ta nesa, a jikin bodi misali, wutar za ta nemi hanya ta cikin wayoyin mota da boris, ta ƙona abin da ba a gani ba sai daga baya.

Ya goge kan guntun har ya yi ƙyalli, don walda ba ta kama tsatsa da mai. Ya zura noti mai faɗin da ya fi guntun, ya cika cikinsa da walda da sanda mai milimita 2.5. Notin ya yi jajawur. Yaronsa ya miƙo kile, ya ce masa a'a, a bari ya huce. Ƙarfe mai ja laushi gare shi, da an ja zai tsinke.

Amfanin walda a nan biyu ne, kuma na biyun ya fi na farkon. Ana samun sabon kai da kile zai kama. Sannan zafin yana shiga cikin guntun kansa, ya kumbura a cikin rami ya murƙushe farin garin da ke kewaye da shi, in ya huce ya koma ya tsuke ya bar sarari. Alminiyam kuwa yana kwashe zafi da sauri ya watsa shi cikin jikin inji, ga shi waldar ƙarfe ba ta kama shi. Shi ya sa wannan hanyar ta fi wutar gas aminci, ko da yake a ido ta fi ban tsoro.

Notin farko ya ɓalle, ya taho da ɗan saman guntun. Bai damu ba. Ya ce zafin da ya shiga bai tafi a banza ba. Wannan karon ya fara sa washa mai kauri, ya haɗe ta da guntun sosai, yana ganin abin da yake yi, sannan ya ɗora noti a kan washar ya kewaye shi ciki da waje. Da ja ya dushe, wurin na da sauran zafi, ya goga kyandir a gindin, kakin ya narke ya shige. Muka zauna muka sha shayi.

Da ya tashi bai ɗauki dogon hannu ba, ƙaramin kile ya ɗauka. Ya riƙa girgiza notin, gaba da baya, motsin da ido ba ya gani. Ina tsaye ina kallon washar, sai na ga ɗan layin da ya zana mata da alli ya gusa daga inda yake. Kamar kaurin farce. Ya koma baya, ya dawo, layin ya ƙara gusawa. Ba wanda ya yi magana. Ya fesa mai, hayaƙi ya tashi, ya ci gaba. Sai da aka yi kiran azahar ana wannan kai da komowa kafin ya yi cikakken juyi guda, daga nan kuma ya taho.

Kuɗin da ya faɗa na ba shi ban nemi ragi ba, na ƙara wa yaron na abinci. Da sauke kan inji aka yi, da kuɗin gaskit ɗin kai kaɗai ya ninka wannan.

Murnar dai ba ta cika ba. A tsakanin haƙoran guntun akwai farin alminiyam nannaɗe, wato ya fito da haƙoran rami.

Alhamis, 16 ga Janairu

Na wanke ramin da kananzir, na hura, na leƙa da tocila. Rabin na waje ya share sumul. Can ciki akwai sauran haƙora, amma sabon bulon yana shiga yana rawa. A alminiyam ana so bulon ya kama zurfin da ya kai kaurinsa sau ɗaya da rabi zuwa biyu, wato milimita 12 zuwa 16 ga irin wannan. Abin da ya rage bai kai ba. Zai ɗauru yau, ya saki ran da ake kan hanya.

Abin da aka saba yi a gari shi ne a faɗaɗa ramin a sa bulon mai milimita 10. Yana yi, amma sai an faɗaɗa hujin bakin ruwan shi ma, kunnensa kuma ba shi da nama sosai. Na zaɓi ɗan zoben waya da ake murɗawa cikin rami ya zama sababbin haƙora, irin na Helicoil, mai awon M8 da tazarar haƙori 1.25. Ban samu cikakken kwalinsa a nan ba. Na ba wani direban da ke zuwa Kano ta Ɗan Isa da Jibiya saƙo ya duba mini a Ƙofar Ruwa.

Talata, 21 ga Janairu

Saƙo ya iso: bakin huda, ƙarfen yanka haƙora, abin murɗawa, da zobba.

Abin tsoro a nan shi ne karkata. Na mayar da bakin ruwan wurinsa, na ɗaure shi da bulon na sama, hujinsa na ƙasa ya zama jagora na fara alama, sannan na cire shi. Na auna zurfin rami da tsinke, na naɗa salatif a jikin bakin huda daidai wannan awon, don kada in zarce in ɓulla cikin ruwa. Ɗan yayata ya tsaya daga gefe yana duba miƙewar injin, ni ina dubawa daga sama. Bakin hudar ya ɗara milimita 8 da kaɗan ne kawai, abin da zai ci ba yawa, kuma a alminiyam yana son ya fizgi kansa ciki, don haka a hankali na tafi.

Yankan haƙora da hannu ne. Na shafa giris a ramukan ƙarfen don ya riƙe ɓarɓashi, na ɗiga kananzir. Rabin juyi gaba, kwata baya. Juyin farko-farko su ne komai, in suka miƙe sauran za su bi. Na wanke, na murɗa zoben har ya nutse kaɗan ƙasa da fuska, na karya ɗan harshensa na ciki na zaro shi da filaya mai tsini. Sabon bulon ya shiga da yatsa har ƙarshe, ba rawa. Zoben na ƙarfe ne marar tsatsa, kuma haƙoran da ya bayar sun fi na asali jure ɗauri da kwancewa.

Asabar, 25 ga Janairu

Fuskar bakin ruwan ta yi ƴan ramuka. Na shimfiɗa sanfefa mai laushi a kan gilashi, na riƙa goga ta a kai har ta yi fari bai ɗaya. Hujojinsa biyu na kankare farin garin da ke ciki tas. Sabon gaskit, sababbin bulon masu alamar 8.8 a ka, na shafa musu man hana cizo tun daga wuya har haƙora, tunda na ga inda cizon yake. Na ari kile mai awon ƙarfi. Bulon irin wannan a cikin ƙarfe yana ɗaukar kusan 25 a ma'aunin Nm, amma a alminiyam, ga kuma mai a jikinsa, dole a tsaya ƙasa da haka sosai. Na ɗaure su bi da bi, kaɗan nan kaɗan can, don fuskar ta zauna daidai.

Tunda ruwa a zube yake, na buɗe gidan tamostat, wato ɗan abin da ke tare ruwa daga zuwa lagireto har inji ya yi zafi. Notinsa sun fita ba gardama. Ciki wayam, an cire shi tun tuni. Wannan al'ada ce a garejojinmu, wai ƙasarmu da zafi, ba ma bukatarsa. Ban yarda da ita ba ko kaɗan. Tamostat ɗin injin nan yana fara buɗewa a digiri 82, kuma da rana tsaka a buɗe yake, ba abin da yake tarewa. Aikinsa da safe ne, irin safiyar nan ta hunturu da muke ciki, ya sa inji ya kai zafinsa da wuri. In babu shi inji na daɗewa a sanyi, ya sha mai da yawa, ya ci kansa. Mota in tana zafi, a duba lagireto da ya toshe, ko fanka, ko famfon ruwa. Cire tamostat ɓoye ciwo ne. Na sa sabo.

Na wanke hanyoyin ruwa har abin da ke fitowa ya daina ja. Sannan na zuba ruwan sanyaya inji na galan, wanda aka riga aka haɗa. Mutane na cewa na ƙasashen ƙanƙara ne, don kada ruwa ya daskare. Wannan ɗaya ne cikin aikinsa. Yana ɗaga zafin da ruwa ke tafasa, kuma a cikinsa akwai maganin da ke hana irin cin da ya jawo duk wannan wahalar. Abu guda da za a kiyaye: guba ne, ga shi da zaƙi. Gidan da ke da yara da awaki da kaji, kada a bar shi a buɗaɗɗen kwano, abin da ya zube kuma a rufe shi da ƙasa a kwashe.

Na bar injin yana aiki murfi a buɗe har kumfar iska ta daina fitowa, fanka ta kama ta saki. Bakin ruwan a bushe.

Lahadi, 26 ga Janairu

Na kai ta Tibiri na dawo, na ƙara da zagayen gari cikin cunkoson kasuwa. Allurar zafi ta hau zuwa wurinta da wuri ta tsaya. Da ta huce da yamma na goga farar takarda a ƙarƙashin bakin ruwan, ba ɗigo. Ruwan robar gefe ya sauka kaɗan, sauran iska ce ta fita, na cika shi zuwa layi na yi alama don in duba ranar Asabar.

Sa'ad da nake lalube da tocila na hangi bututun ƙarfen da ke bi ta bayan inji ya yi ƙuraje a gindinsa, inda tiyo ke kamawa. Bai fara yoyo ba, amma ba zai kai damina ba. Ina so in canza shi kafin azumi. Bulon ɗin da ke riƙe da shi na goge kansa yau, na bubbuga, na fesa masa mai, kuma zan riƙa yi duk sa'ad da na buɗe gaban motar har bututun ya iso daga Kano.